Wayar da ke Bayan Kabad

Shekara ashirin da shida na yi ina riƙe wa Ooi Boon Hin tsani. Shi yana can saman falwaya yana shan iska, ni ina ƙasa ina shan rana da kashin tsuntsu, kuma har muka bar aikin kamfanin tarho bai taɓa ce mini sannu ba. Ran da ya ji daɗin aikina sai ya ce, "Velu, yau ba ka girgiza ni ba." Iyakar yabonsa ke nan. Ni kuwa Ah Hin nake ce masa, kamar kowa a garinmu George Town na Penang, sai dai idan ya ba ni haushi, nan ina da wasu sunayen da ba na rubutawa ba ne.

Ɗan mai tura keken fasinja ne, ya shiga aikin waya yana da shekara goma sha takwas, kuma ban ga wanda ya kai shi hannu ba. Idan ya haɗa waya biyu, murɗi bakwai yake yi, ba shida ba, ba takwas ba. Ba ya rubuta komai. Duk wayar da ta bi ta unguwarmu tana cikin kansa, ya san inda ta shiga bango da inda ta fito. Filayarsa a naɗe take cikin jan ƙyalle, ko ni ban isa in ara ba. Gidansa irin dogayen gidajen nan ne na layinmu, shago a ƙasa, ɗakuna biyu a sama, da matakalar katako mai tsayi wadda ko lafiyayye sai ya dafa bango. Da hannunsa ya ja wa gidan wayar tarho tun yaransa suna ƙanana, ya sa soket a ƙasa, ya sa a kowane ɗaki na sama. A lokacin mutane har zuwa kallo suke yi.

Abin kunyar shi ne, tun shekarar 1988 tarhon sama ya mutu. Ah Hin ya ce danshi ne ya cinye wayar a cikin bango. Shekara goma sha huɗu ina tsokanarsa da wannan.

"Ka gyara wa rabin Penang tarho, naka ya gagare ka?"

"Danshi ne."

"Danshin gidanku da ƙarfi yake. Na sauran gidaje ba ya cin waya."

Sai ya kurɓi baƙin kofinsa ya kalli titi.

A shekarar 1988 ɗin ce kuma 'yarsa Siew Gaik ta bar gida. Ta auri wani Bature sojan sama da ke aiki a Butterworth, suka tafi ƙasarsu, garin Adelaide. Ah Hin bai je auren ba, bai sake ambaton sunanta ba. Matarsa Poh Choo, wadda nake kira Ah So, wato matar yaya da harshensu, tun da haka take a wurina, ita ce ke sauka ƙasa kowace Lahadi ta karɓi kiran 'yarta. Shi kuma a daidai lokacin yake tuna yana da aiki a bayan gida.

A farkon 2002 Ah So ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. A asibiti aka gano ba karayar kaɗai ba ce, akwai ciwon da ya riga ya ci ƙashin. Aka dawo da ita gida, maza huɗu suka haura da ita, aka kwantar da ita a ɗakin baya, wanda a da na Siew Gaik ne. Ɗakin gaba kuwa na ɗansu Kok Leong ne da matarsa Bee Lian. An taɓa gwada sauko da Ah So sau ɗaya, a kan kujera. Ba a kai matakala ta huɗu ba ta suma don azaba, likita ya ce kada a kuma. Kunnenta ma ya yi nauyi, idan an kara mata wayar hannu sai ta yi ta cewa "Iye? Iye?" har ta gaji ta ture. Siew Gaik kuma ba ta da halin tahowa, mijinta na kwance ana masa wankin ƙoda sau uku a mako, babu mai zama da shi sai ita. Ta aiko hotuna. Ah So ta duba ta ajiye a ƙarƙashin matashi.

"Hoto ba ya kallon mutum," in ji ta. "So nake in gan ta tana ganina."

Kok Leong yana aiki a wata masana'antar kayan lantarki a Bayan Lepas, kuma ya riga ya sa intanet a kwamfutar da ke shago. Yana ganin 'yar'uwarsa a kanta duk Lahadi, fuskarta na tsayawa tana tafiya, amma dai ita ce. Wata Asabar ya dawo da tsohuwar kwamfuta, da 'yar kyamara mai kamar ƙwai, da katuna biyu a leda. Ya aika aka kira ni, wai in zo in ga abin da mu tsofaffin ma'aikatan waya ba mu sani ba.

"Kawu Velu, ba a huda bango, ba a jan sabuwar waya. Kati ɗaya a kwamfutar ƙasa, ɗaya a ta sama, kowanne a soka shi a soket ɗin tarho. Wayar da ke cikin gidan ita za ta haɗa su. Ana iya magana a tarho ma a lokaci ɗaya, ba ruwan wani da wani."

"A kan wannan tsohuwar wayar?"

"Ai ta Pa ce, hannun babana ne. In ta wani ce ba zan gwada ba."

Ah Hin yana tsaye a bakin ƙofa yana jin mu.

Maganar rashin huda bango ba don kyan gida ba ce. Bee Lian na da cikin wata shida, kuma duk wanda ya zauna da Sinawan layinmu ya san gidan mai ciki ba a buga ƙusa, ba a huda bango, ba a matsar da gado ko kabad, balle a ɗakin mai cikin. A imaninsu, wani ruhu mai tsaron ɗan tayi yana zagaya gidan, yau yana jikin ƙofa, gobe yana ƙarƙashin gado, idan ka buga ko ka ja, jaririn ka taɓa. Ni ba addinina ba ne, na sha yi musu dariya a kai. Amma Bee Lian ta yi ɓari sau biyu, na biyun kwana uku bayan Kok Leong ya kafa ƙusar kalanda a ɗakinsu. Daga ranar dariyar ta fita daga bakina.

Aka ɗora kwamfutar a kan kujera kusa da gadon Ah So. Ta sa an taje mata gashi, an sa mata rigarta mai furanni. Kok Leong ya soka wayar, ya kunna. A ƙasa 'yar koriyar fitilar katin ta kama. A sama ba ta kama ba. Ya canja kati, ya canja igiya, ya kashe ya kunna. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Pa, na ɗauka tarhon ne ya lalace, ashe layin ne gaba ɗaya. Danshin nan a ina yake? In an san wurin ai kai ka gama."

"A cikin bango."

"Wane bangon?"

Ah Hin ya juya ya sauka. Na bi shi, don na san tafiyarsa. Mutumin da ya san kowace waya a unguwa ba zai ce "a cikin bango" ya yi shiru ba. Na same shi a shago ya ɗaga kai yana kallon katakon da ke samansa, inda wayar ta shige wani rami da bai fi yatsa ba.

"Ah Hin, ni ne fa. Me ka yi?"

Ya ce, "Kullum yarinyar nan tana kan tarhon sama da Baturen nan. Ina jin dariyarta ta cikin katako. Na ce in na cire kan tarhon za ta sayo wani, in na lalata soket ɗin kai za ka zo ka gyara, da shegen shisshiginka."

"To?"

"Akwai akwatin haɗi a ɗakin gaba, daidai inda wayar ta ɓullo daga ƙasa. Nan na yanke. Na naɗe bakin da salatif, na rufe akwatin, na sa aka ja kabad ɗin uwata aka ɗora a kai."

Na san kabad ɗin. Katakon tik ne mai nauyin gaske, ya kusa taɓa rufi, sai mutum uku suke motsa shi. Yana ɗakin Bee Lian, kusa da kan gadonta.

Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Da wani uban ne, fizge wayar zai yi cikin fushi, a gyara washegari. Shi kuwa sai da ya yi aikin ƙwararre, mai tsafta, a wurin da babu mai ganowa. Na ce masa, "Ko mugunta za ka yi sai ka yi ta da kyau. Kai dai ba ka iya aikin banza ba." Bai rama ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Dabarar farko tawa ce, kuma har yau ba na son tunawa. Na ce a manta da bango, a jawo doguwar igiya daga shago, a bi da ita ta matakala har ɗakin baya, ba ƙusa ba huda. Muka shimfiɗa ta da safiyar Lahadi, muka danne da salatif. Saura awa biyu Siew Gaik ta kira, Bee Lian ta fito da kwanon kunun shinkafar surukarta, silifas ɗinta ya sarƙe da igiyar a matakala ta biyu daga sama. Ta kama ƙarfen dafawa da hannu ɗaya. Kwanon ne ya gangara har ƙasa ya fashe. Ta zauna a wurin ta riƙe cikinta, fuskarta fara fat, ba ta ko yi kuka ba. Kok Leong ya kai ta asibiti, aka ce lafiya, a dai kwanta. Kafin su dawo Ah So ta sa an kira mu bakin gadonta, ni da mijinta, kamar yaran da suka fasa tulu.

"Ku naɗe igiyarku. Babu sabuwar waya a gidan nan, ko ta matakala ko ta taga, sai an haihu."

"Ah So, ta waje za mu bi da ita, babu mai—"

"Velu, kana da kunne, ni ce ba ni da shi. Na ce babu."

Daga nan Ah Hin ya koma ramin. Kullum da rana in na zo sai in tarar ya hau tsani a shago, ya lanƙwasa bakin wata siririyar waya ya zura ta ramin, yana lalube. Ni kuma na koma tsohon aikina, riƙon tsani da tocila. Tsakaninsa da akwatin bai fi kamu ɗaya ba. Yana jin ƙugiyar tana taɓa murfin, yana jin ƙarar. Amma murfin da sukurori huɗu ya ɗaure shi, kuma shi ya ɗaure su, don haka ba masu kwancewa da lalube ba ne. Ya yi tunanin faɗaɗa ramin, sai ya tuna huda ce. Ya yi tunanin cire bayan kabad ɗin ta ciki, sai ya ga da ƙusa aka kafa shi. Kwana goma sha ɗaya muna wannan. 

"Sauko ka ci abinci," na ce masa wata rana. "Taliyar ta huce."

"Saura kaɗan."

"Jiya ma haka ka ce. Shekararka sittin da takwas, in ka faɗo ni ba zan iya tare ka ba."

"Da can ma ba ka iya ba."

Na ji daɗin zagin, don ya nuna da sauransa.

Ah So kuwa tana ta ƙarewa. Cokali uku take sha ta kau da kai. Duk Lahadi Kok Leong zai zauna a ƙasa gaban kwamfuta, ya ga 'yar'uwarsa, ya hau da gudu ya ba uwar labari a kunne: ta rage gashi, ta sa tabarau yanzu, ta ce a gaishe ki. Ya sauko da amsa, ya sake hawa. Uwar takan tambaye shi, "Ta rame?" Ya ce a'a. Ta ce, "Kai ba ka iya gani ba." Kwamfutar sama na nan a kan kujera, an rufe ta da tawul saboda ƙura.

Kok Leong bai san komai game da kabad ba. Ah Hin ya san idan ya faɗa masa, ya ɗora wa yaron zaɓi tsakanin uwarsa da ɗan da ba a haifa ba. Ya ce mini gara ya faɗa wa Ah So, mai maganar. Ya roƙe ni in tsaya a ɗakin, wai ko zai buƙaci wanda zai ɗaga murya. Ƙarya yake, tsoro yake ji.

Ya zauna a bakin gadon, ya kai bakinsa kunnenta. "Poh Choo, wayar nan ba danshi ba ne. Ni na yanke ta."

Ta buɗe ido ta dube shi. "Tsoho, yau ka sani?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ni na share ɗakin ranar. Ɓawon waya ja da fari a gindin kabad. Danshi yana fere waya ne? Kai da ba ka barin ko ƙwaya a gidan mutane, a naka ka bari."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Ina jira ka gyara da kanka. Na ce mutumin nan wata ɗaya zai yi ya huce." Ta ja numfashi. "Na yi maka kyakkyawan zato."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Kamu ɗaya kawai za a ja shi. Ni da Velu da Kok Leong, a hankali, a kan bargo. Bee Lian ta tafi gidan iyayenta na yini ɗaya. Likita ma ya ce waɗannan abubuwan—"

"Likita ne ya wanke zanen gadon Bee Lian sau biyu, ko ni?"

Ta ci gaba da magana.

"In ka ja, aka haihu lafiya, to. In ba a haihu lafiya ba fa? Yarinyar nan za ta rayu tana cewa don in ga tawa 'yar aka kashe nata. Ni na ga Siew Gaik shekara goma sha tara. Ita ko sau ɗaya ba ta ga nata ba." Ta lumshe ido. "Saura mako biyar. Zan jira."

Na so in yi gardama. Na so in ce babu wani mai tsaro a bayan kabad sai gizo-gizo da aikin mijinki. Amma na tuna Bee Lian zaune a matakala da hannu a ciki, kuma igiyar tawa ce. Na ja bakina. Ah Hin ya sauka ya naɗe ƙugiyarsa, ya jingine tsani a bayan gida. Daga ranar bai sake hawa ba. Sama yake wuni, yana ba ta ruwa da cokali, yana yage takardar kalanda kowace safiya ya nuna mata.

Ba ta kai ba. Ta rasu wata Talata da hantsi, saura kwana goma sha tara. Siew Gaik ba ta samu zuwa ba, a makon aka kwantar da mijinta a asibiti. Kok Leong ya ɗaga wayar hannu a wurin addu'a don ta ji.

Bee Lian ta haifi mace, lafiyayya, mai ƙarar murya. Ah Hin ya jira har aka cika wata, aka raba jan ƙwai ga maƙwabta bisa al'adarsu. Lahadin da ta biyo ya aiko a kira ni. Na tarar ya faɗa wa ɗansa, don idon Kok Leong ya yi ja, kuma ba ya kallon uban. Bee Lian ta ɗauki jaririyar ta koma shago. Mu uku muka sa kafaɗa, kabad ɗin ya yi ƙara ya matsa.

Akwatin na nan kamar jiya aka rufe shi. Ah Hin ya durƙusa, ya kwance jan ƙyallen filayarsa. Na haska masa. Ya cire sukurori huɗu, ya warware salatif, jan ƙarfen na ƙyalli, ko tsatsa babu. Ya fere, ya haɗa ja da ja, fari da fari, murɗi bakwai bakwai. Ya tsince ɓawon wayar ɗaya bayan ɗaya ya sa a aljihu. Tsohuwar al'adar aiki ta sa na duba agogo lokacin da ya fara da lokacin da ya gama. Ina ma ban duba ba.

Muka shiga ɗakin baya. An cire zanen gadon, katifa ce kawai da matashi. Kok Leong ya yaye tawul ɗin ya kunna. Koriyar fitilar ta kama nan take. Ya danna abin da zai danna, ya fita ya bar mu.

Fuskar ta fito a hankali, mace mai tabarau, da gashi gajere. Uwarta ta yi gaskiya, ta rame. Ta ƙura ido, ta matso.

"Kawu Velu? Kai ne? Wannan ai ɗakina ne." Hoton ya tsaya ya ci gaba. "Wa ke gefenka? Pa?"

Ya matso gaban kyamarar da filaya a hannu. Shekara goma sha huɗu bai yi mata magana ba, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

"Pa, an gyara ke nan. Ya yi wuya?"

Ya juyo ya dube ni, don ya ga lokacin da na duba agogo. Ban so in faɗa ba, amma ya ci gaba da kallona.

"Minti huɗu," na ce.

"Minti huɗu," ya faɗa mata. "Ba danshi ba ne, Gaik."

Ta cire tabarau ta riƙe. Na ɗauka hoton ne ya sake tsayawa, sai na ga kafaɗarta na motsi. Da ta iya magana sai ta ce, "Pa, juya mini kyamarar. Ina so in ga inda ta kwanta."

Igiyar kyamarar gajera ce, ba ta zama a kan kujera idan an juya ta. Ya ɗauke ta a tafin hannunsa ya nuna wa gadon. Hannun na rawa, hoton na rawa. Na ajiye tocila, na kama masa gwiwar hannu na riƙe, muka tsaya a haka har ta gama kallo.